Mai Wayoyi Bakwai a Kasuwar Tsanyawa

Ya taɓa matsa wa Aina'u gefen tabarmarsa wata ranar kasuwa da rana ta ƙwalle. Dogo ne siriri, da ƙyar yake ƙifta ido, har yau ba ta san sunansa ba. Wayoyi bakwai yake jerawa suna miƙa wa juna bidiyo gutsure-gutsure, yana rubuta wanda ya riga isowa. Wataƙila malami ne daga Bici.

Yau da ta sake zama gefensa da wayarta a hannu, bidiyon wata tsohuwar walima ne. Sai ga marigayi mijinta a ciki, bakinsa na motsi, ba murya. Ta kama salati.

Mutumin bai ko ɗago kai ba. "Inna, guntun da muryarsa take ciki, a wayarki kaɗai ya rage. Don Allah kar ki kashe ta."