Ragon Kamfani

Na yi tuƙi shekara da shekaru, na ga Kwatano, na ga Yamai, na kwana a tashoshin da ko sauro ba ya son kwana. Amma abin da ba zai taɓa fita raina ba shi ne yadda rago ya kai mu ofishin ƙwadago.

Lokacin da gwamnati ke kwashe komatsanta daga Legas zuwa Abuja ne. Kamfanin kwangilar da nake wa direba shi ma ya ce tashi zai yi, don inda gwamnati ta zauna nan kwangila take. Muka loda babbar mota da tebura da kujeru. Har na tada mota sai ga oga manaja janye da wani ƙaton rago, ƙahoninsa kamar sitiyari, ya ce a cusa shi cikin kaya. Na ce, "Oga, shi wannan a wane sashe yake aiki?" Ya ce, "Sashen kame bakinka." Kafin mu kai Lokoja ragon ya cinye rabin kushin kujerar akanta.

A Abuja muka kama fili a gindin dutsen Mpape, aka ɗauki mai gadi, wani dattijo manomi daga Kuje da Hausarsa ba ta gama nuna ba, kowa Baba yake ce masa. Da baki aka ɗauke shi, ba takarda, aikinsa buɗe ƙofa da rufewa. Amma kullum oga sai ya leƙo: "Baba, a ba rago dusa. Baba, a yi wa rago wanka." Mu dai ba a taɓa tambayar ko mun karya ba.

Wata safiya Baba ya sunkuya zuba dusa, ya ba rago baya. Ina goge mota na ga ragon yana ja da baya a hankali kamar tirela za ta yi kwana. Kafin in ce "Baba!" har an gama. Baba ya tashi sama ya sauka a kwata, hannun dama ya karye. Ni na kai shi asibiti.

Da yamma oga ya ce kamfani ba ruwansa, gadi aka ɗauke shi ba kiwo ba, tunda ba zai iya jan ƙofa ba ya koma gona. Nan dariya ta ƙare mana. Da wane hannun zai riƙe fartanya? Ga ba magani, ga ba aiki, ga damina ta kawo kai. A Legas na taɓa ganin leburori sun kai ƙara ofishin ƙwadago, sai na sa Baba a gaban mota muka je, duk da ni ma aikin nawa da baki ne.

Wata Hajiya mai tabarau muka samu, ta sa aka kirawo oga. Ta ce, "Baba, me ya faru?"

Ya ce, "Hajiya, rago ce ta ɗaga ni. Ni ban mata komai ba, abinci na kai."

Oga ya gyara babbar riga ya ce ai babu takarda tsakaninsu. Ta ce, "Yana zuwa aiki kullum? Kana biyansa duk wata? To yarjejeniya ta ƙullu ko da baki ne, rashin takardar ma laifinka ne. Wa ya sa shi ciyar da ragon?"

"Ni ne."

"A lokacin aiki?"

Oga ya kalli silin. Ta ce duk raunin da ma'aikaci ya ji a aikin da aka sa shi, magani da diyya suna wuyan wanda ya ɗauke shi, kuma ba a korar mutum haka nan ba notis.

Sai oga ya yi wuf ya ce, "Amma ragon nawa ne na kaina, ba na kamfani ba."

Ta juyo gare ni. "Direba, yaya ragon ya zo Abuja?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, a motar kamfani, da man kamfani, kuma kujerar kamfani ya yi guzuri da ita."

Ta ce, "Madalla. Baba dai zai samu haƙƙinsa ko ta ina. Sai dai in sanar da masu kamfanin cewa manajansu yana kiwonsa da motarsu da ma'aikacinsu."

Nan take oga ya ce, "Hajiya, yanzu na tuna. Na kamfani ne."

Haka kamfani ya yi wa Baba magani, ya ba shi diyya, ya koma ƙofarsa da takarda a aljihu. Mu ma albarkacinsa aka ba mu takardunmu.

Ana gobe Babbar Sallah oga ya ce in kai masa ragon gida. Na loda shi, muka iso bakin ƙofa, Baba ya ƙi buɗewa. Oga ya fito yana faɗa. Baba ya ƙame, ya sara masa da hannun da ya warke, ya ce, "Oga, kayan kamfani ba ta fita. Kai ka faɗa gaban Hajiya."

A filin nan aka yanka shi, ma'aikata muka raba, aka aika wa oga cinya don shi ma ma'aikaci ne. Baba bai nemi komai ba sai ƙahonin, ya rataye su a ƙofa.

Tun daga nan na gane duk abin da maigida ya sa ka a lokacin aiki, aiki ne, kuma doka ta san da kai ko ba ka da takarda, in dai za ka tashi ka je. Sannan komai ladabinka, kada ka ba rago baya.