Wuƙar Baffa da Aikin Yaya Almustapha

Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, Allah Ya karɓi ran yayana, Dakta Almustapha Daudu, a Abuja, bayan gajeriyar jinya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Washegari muka rufe shi a ƙauyenmu Zakka. Na shiga kabarin, na karɓe shi, na fito na karkaɗe rigata. Har yau ban yi kuka ba, ban kuma san dalili ba.

Yaya, kai ne mahaifinmu Baffa ya cire daga kiwo ya sa a boko. Kana jami'a ƙanjamau ya ɗauke yayarmu Hansai, lokacin maganin bai iso ƙauye ba. Tun daga nan Baffa ya ɗora maka kaya guda: ka samo rigakafin abin da ya ci 'yarsa. Ka ɗauka, ba ka sauke ba.

Shi Baffa bai ga wuyar abin ba. A zamaninsa idan ciwon huhu ya shiga garke, sai ya yanki huhun saniyar da ta mutu, ya tsaga hancin masu lafiya da ƙaramar wuƙarsa, ya cusa. Su ɗan kumbura, su warke, ciwon ya ƙyale su. Duk Sallar da ka zo sai ya zaro wuƙar nan ya ajiye gabanka.

"Dakta, har yanzu? In naku kayan aikin sun gaza, ga nawa."

Sai ka yi dariya ka gyara zama. "Baffa, saniyarka tana warkewa, jikinta ya riƙe darasin. Wannan ƙwayar jikin mutum ba ya iya korarta da kansa, balle mu kwaikwaye shi. Masu gadin jikin take fara kamawa, ta ɓuya a cikinsu. Kafin jiki ya gane fuskarta ta sake wata. In na yi irin naka, cutar na ba mutum har abada."

Bai taɓa gamsuwa ba, kai kuma ba ka taɓa ƙosawa ba. Ko shekarar da aka dakatar da wani babban gwaji da ka sa wa rai, ka zo gida a rame, ka zauna ka maimaita masa bayanin. Daga nan ka wuce Batsari duba wasu masu shan maganin da kake bibiya. Ko ni ba ka taɓa gaya wa sunan ɗayansu ba.

Abokan aikinka sun zo gaisuwa. Baffa ya amsa musu a tsanake, sannan ya tambaya, "Kun samo?"

Babbansu ya sunkuyar da kai. "Tukuna, Baba."

Sai Baffa ya laluba aljihu, ya tura wuƙar gabansu. "Na san ba ta yi, ya gaya mani. Ku dai ajiye ta inda yake zama. Ku tashi ku koma bakin aiki, mu za mu yi zaman."

Ya Allah, Ka jiƙan Almustapha, Ka yalwata kabarinsa, Ka haɗa shi da Hansai a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga matarsa Zuwairatu, da 'yarsu Jannat, da jama'ar Zakka. Baffa kuma, Allah Ya ba shi haƙuri. Jiya na ga ya sa hannu a aljihun da wuƙar take zama.

Sammani Daudu, Zakka.