Karkatacciyar Bindigar Baba Kumai

Zamani kafinta ne a Kafanchan, rumfarsa tana bayan tashar jirgi, inda kukan loko, wato kan jirgin ƙasa, kan danne ƙarar zarto. Dogo ne siriri, ba ya aiki sai yana rera waƙar majami'a ƙasa-ƙasa, don shi ne ke jan muryar maza a ƙungiyar mawaƙa. Benci, ƙofa, akwatin amarya, teburin mai shayi, har akwatin gawa in ta kama, babu wanda bai yi ba. Bindiga ce kawai bai taɓa yi ba, riƙe ta ma bai taɓa yi ba. Ubansa manomin citta ne, kakansa ma haka, shi kansa kuma in tayar keke ta fashe kusa da shi sai ya zabura ya yar da abin da ke hannunsa.

Matarsa Lai'atu kuwa 'yar maharbi ce. Mahaifinta, Baba Kumai, yana zaune a wani ƙauye bayan Godogodo, kuma a duk yankin in ana maganar gada ko mazo sai an kawo sunansa. Da naman daji aka yaye Lai'atu.

A shekarar da motoci suka bar hannun hagu suka koma bin dama, bayan an gama yankan acca, Zamani da Lai'atu suka je gaishe da tsohon. Suka tarar da shi a gindin mangwaro, ya rame, yana amsa gaisuwa kamar wanda aka tilasta. Lai'atu ta shiga share masa ɗaki, sai ga ta ta fito da bindigarsa a hannu biyu. Gara ta cinye ƙotar, tsatsa ta huda bututun har ana hango haske ta gefe.

"Baba, mene ne wannan?"

"Gara ce," in ji tsohon, bai ko ɗaga kai ba. "Ta ci, ta ƙoshi. A bar maganar."

A bayan motar katako da ta ɗauko su zuwa gida Lai'atu ta yi ta share hawaye da bakin zani. Ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa ganin ƙura ta kwana a jikin bindigar nan ba. Zamani ya daɗe yana kallon buhun da ya ƙunso gawar bindigar a ciki, sannan ya ce, "Zan yi masa wata."

Lai'atu ta dube shi, dariya ta ƙwace mata cikin kukan. "Kai, Baban Emilia? Kai da ko kaza ni ke yanka maka?"

"Ai ban ce zan harba ba. Na ce zan yi."

Washegari ya baje tsohuwar bindigar a kan teburinsa, ya kwance ta gaɓa-gaɓa, yana jujjuya kowane ƙarfe yana tambayar kansa aikin da yake yi. Ƙota dai katako ce, wannan gidansa ne. Sauran kuwa sai da taimako. Ya nufi wurin maƙwabcinsa Onyekwere, mai gyaran injin jirgi a reluwe, wanda ya dawo daga Gabas da iyalinsa bayan yaƙin basasa. Zamani ne ya sake yi masa ƙofofi da tagogi lokacin da ya dawo ya tarar da gidansa wayam, tun daga nan suke cin abinci a kwano ɗaya.

Da Onyekwere ya ji abin da ke tafe da shi, sai fara'arsa ta ɗauke. "Abokina, ka tambaye ni komai, ban da wannan. Na ga aikin bindiga da idona. Ya ishe ni."

Zamani ya ce, "Gaskiyarka," suka koma hirar ruwan da ya ɗauke da wuri.

Bayan 'yan kwanaki, yana cikin goge katako, sai ya ji an ajiye wani abu mai nauyi a kan teburinsa. Onyekwere ne, da dogon bututun ƙarfe mai kauri, wanda ya zaƙulo daga wata matacciyar mota a wurin masu gwangwan.

"Na gwada shi, ba shi da tsaga," in ji Onyekwere cikin Hausarsa ta 'yan tasha. "Amma ka faɗa ma tsoho, bindiga nan na gada ne. Gada kawai."

"Da mazo," in ji Zamani.

"To, da mazo. Ka kawo mini kai in ya kashe, matata Chinelo za ta yi farfesu."

Saura kunama, wato ƙarfen da ake ja ya ƙyasta ƙanƙara ya ba albarushi wuta. Don wannan Zamani ya je maƙerar Mijinyawa a bakin kasuwa, dattijon da ya tsufa yana gyara wa maharba bindigogi. Mijinyawa ya ce a bar masa aikin ya gama shi cikin sati. Zamani ya ce a'a, shi dai a nuna masa, so yake ya miƙa wa surukinsa abin da hannunsa ya yi. Maƙerin ya kalli tafukan hannunsa ya girgiza kai, sannan ya matsa masa wuri kusa da zuga-zugi.

Kullum da la'asar, in ya rufe rumfa, sai maƙera. Katako in ka yi masa kuskure yakan yi haƙuri, ƙarfe kuwa ba ya yi. Siririn ƙarfen da ke ba kunama ƙarfin bugu ya karye masa, ya sake, ya kuma karyewa, wani ya yi taushi kamar dafaffiyar doya. Hannunsa ya yi bororo, gashin girarsa ɗaya ya babbake, Lai'atu tana shafa masa man kaɗanya tana dariya. Ranar da ya ja kunamar ta ce ƙyas, tartsatsi ya tashi, sai da ya yi tsalle ya buge kansa da rufin maƙerar. A aljihu ya tafi da ita wurin koyon waƙa, ana tsakiyar baiti yana zaro ta yana ƙyasta wa na kusa da shi, har Fasto ya leƙo ya ce a ba shi ya gani. Shi ma sai da ya ƙyasta ta kafin ya mayar.

Ƙotar kuwa da maɗaci ya yi ta, ya sassaƙa, ya goge, ya zana mata irin ganyen da yake zana wa akwatin amarya, ya yi ta murza mata manja har ta yi ja tana sheƙi. Da ya haɗa komai, bindigar ta kai masa har haɓa.

Suka fita bayan gari gwaji, shi da Mijinyawa, Onyekwere yana biye da su daga nesa, wai shi iska ya fito sha. Mijinyawa ya ɗura mata albarushi, suka ɗaure ta a jikin ɗorawa, suka sa wa kunamar doguwar igiya, suka laɓe bayan dutse. Zamani ya yi gajeriyar addu'a, ya rufe ido, ya ja. Ƙarar ta daki tsauni ta dawo, hayaƙi ya turnuƙe, tsuntsaye suka watse. Da hayaƙin ya lafa, ga bindiga nan lafiya lau a jikin itace, Zamani kuma yana zaune daɓas a ƙasa, igiya a hannu. Onyekwere ne ya fara dariya, irin wadda Zamani bai ji daga bakinsa ba tun dawowarsa, har yana riƙe ciki. Da rawa suka shigo gari.

Ranar Kirsimeti aka kai wa Baba Kumai, bayan an fito sujada. Ƙauyen duka ya taru. Tsohon ya karɓa, ya shafa ta daga baki har gindi, ya shinshina ƙotar, ya ƙyasta kunamar kusa da kunnensa.

"Kai ka yi wannan, ɗana?"

"Ni ne, Baba."

Wani ya ruga ya kifa tsohuwar ƙwarya a kan kututture, mata suka gyara murya don guɗa. Baba Kumai ya ɗora bindigar a kafaɗar dama, ya kwantar da kunci, ya daɗe a haka. Sannan ya sauke ta a hankali.

"Ta yi kyau. Allah ya yi maka albarka. A kai ta ɗaki, yau ranar cin abinci ce."

Mutane suka watse wurin shinkafa da burkutu, ba wanda ya damu. Amma Zamani yana tsaye dab da shi, ya ga yadda tsohon ya riƙa miƙa wuya yana tsallake ƙotar da fuska, kamar mai leƙen katanga. Da safe ya bi shi hanyar rafi, sai da suka yi nisa da gidaje ya ce, "Baba, idon dama ne, ko?"

Tsohon ya tsaya. Can ya ce, "Yanar ido ce ta rufe shi. Damina biyu ke nan. Na hagun garau yake, ina ganin tururuwa a kan dutse. Na gwada ɗorawa a kafaɗar hagu, ita kuma tun da na faɗo daga bishiyar giginya ba ta ɗaukar bugu. Maharbin da ya harbi gada ya sami kututture, me zai ce wa mutane? Na jingine ta a lungun ɗaki, na ƙyale gara ta yi mini magana." Ya juyo. "Kada ka gaya wa Lai'atu."

"Ai 'yarka ce, Baba, za ta gane. Tsaya yadda kake."

Zamani ya karyo karan dawa a gefen hanya, ya ɗora masa a kafaɗar dama, ya lanƙwasa shi a hankali har tsinin ya zo daidai idon hagu. Ya sa shi ya sauke, ya ɗaga, ya sake saukewa. Ya riƙe karan nan a lanƙwashe har Kafanchan, ko a mota bai yarda kowa ya taɓa shi ba.

In aka yanko lanƙwasa daga miƙaƙƙen katako, bugun farko zai tsaga shi. Dole sai reshen da ya tsiro a karkace da kansa. Zamani ya shiga bin bakin rafuka duk ranar Asabar, kansa a sama, yana gwada karansa da rassan maɗaci, har masu wanki suka fara tambayar Lai'atu ko lafiya mijinta yake. A ƙarshe ya samu wani reshe da iska ta karya tun bara, ya bushe a sama, gwiwarsa kamar an auna.

Da ya gama sabuwar ƙotar ya mayar da bututun a kanta, duk wanda ya wuce rumfar sai ya tsaya. Mijinyawa ya juya ta sama da ƙasa ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin bindiga mai ƙusumbi ba. Onyekwere ya ce, "Gwamnati ya ce kowa ya koma dama, kai ka kai bindiga hagu. Za su kama ka!"

Kafin ruwan farko ya koma ƙauyen, wannan karon ba taro, daga shi sai Lai'atu. Baba Kumai ya kalli abin ya yi tsaki, ya ce wasa ake da shi. Lai'atu ta ce, "Baba, ɗora mana mu gani." Ta kifa ƙwarya a kan kututture, shi kuma ya ɗura, ya ɗora. Zamani ya ga kafaɗun tsohon sun saki, wuyansa ya miƙe, idon hagu ya zauna a kan bututun ba tare da ya nema ba. Bai daɗe ba. Ƙwaryar da ke kan kututture ta tarwatse, Lai'atu ta rangaɗa guɗa, kaji suka bazama, maƙwabta suka fito da gudu. Tsohon yana tsaye cikin hayaƙi, bakinsa har kunne.

"A kawo wata ƙwarya!" in ji shi.

Ranar sai da matan gidan suka ɓoye ƙorensu.

Labarin bindigar ya zaga. Daga baya wani bahago ya zo daga Gidan Waya, wani mai gajeren hannu daga wajen Kauru, Zamani ya yi musu ƙota daidai jikinsu. Amma bai mai da abin sana'a ba, ya ce benci ya fi kwanciyar hankali.

Ana cikin shuka, wata ranar kasuwa, motar katako ta tsaya a bakin rumfarsa, aka sauko da Baba Kumai da buhu mai ɗigar jini. Cinyoyin mazo ne biyu, da kai da ƙahonninsa. Aka aika wa Mijinyawa rabonsa, Chinelo ta karɓi kan ta ɗora tukunya, Lai'atu ta tuƙa tuwon acca. Da yamma aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, tsohon ya karɓi muciyar Lai'atu ya miƙe yana nuna yadda ya yi rarrafe, yadda mazon ya ɗaga kunne, yadda ya faɗi. Barkonon Chinelo ya sa shi hawaye da majina, ya share da hannun riga ya miƙa kwano a ƙara masa.

Lai'atu ta ce ya kwana biyu ya huta, an gyara masa ɗaki.

"Gobe da sassafe zan koma," in ji Baba Kumai, yana tsotsar ƙashi. "Akwai sawun wani a bakin rafi, ya fi wannan girma."