Ga Gashinki, Ga Maganarki

Shekara shida ke nan da muka rasa Gwaggo Aisa, yayar mahaifina, makitsiyar garinmu. A kaka ta tafi, ana ɗaurin hatsi, shi ya sa duk shekara idan na ga an fara jera dammuna a gindin rumbu sai ƙanshin man shanun hannunta ya dawo mini. Ba zan faɗi sunan garin ba. Ƙauye ne a Damargu, gabas da Tanut, mai rijiya mai zurfi da kasuwa sau ɗaya a mako. A sauran shekarun addu'a kawai nake yi mata in yi shiru. Bana na kasa. Ina wannan rubutu ƙofa a rufe, kuma ko yanzu idan wani ya gifta ta bayan taga sai na ji gabana ya faɗi.

A gindin wata aduwa take kitso, cikin gidanta. Ba ta fara taɓa kai sai ta tsokani mai shi. "Wannan kai ne, ko gonar da aka bar wa ƙarangiya?" Idan kin yi dariya, sai ta kwantar da kanki a cinyarta, ta juya fuskarki wajen darni. Ba ta yarda a taru mata, kowace mace da lokacinta, mai jira ta jira a waje. Na taɓa tambayarta me ya sa kullum sai ta sa mutum ya kalli darni. Ta ce, "Uwata, mutum ba ya iya faɗin abin da ke cinsa ana kallon fuskarsa." Uwata take ce mini, ita da Baba duka, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini.

Ba ta tambaya. Idan ta ji wuya ya ƙage a hannunta, abu ɗaya take cewa: "Kanki da nauyi yau." Daga nan sai ta ci gaba da tsaga da kibiyarta, ta bar ki da shirunki. In kin so ki yi magana, in kin so ki yi barci. Kuma duk abin da za ki faɗa, hannunta ba ya tsayawa. Mata da yawa sun ce wannan ne yake ba su ƙarfin ci gaba, don idan hannun bai firgita ba, ke ma sai ki ji abin naki bai fi ƙarfin faɗa ba.

Ba ta cewa ba komai idan akwai komai. Ta haihu, ta haihu, babu wanda ta yaye, kuma ba ta ɓoye wannan ga kowa. Na ji ta da kunnena tana ce wa wata da ta rasa jinjiri, "Ba zan ce miki zai wuce ba. Nawa bai wuce ba. Na san yadda nono yake zuba babu mai sha." Wata rana kuma wata Buzuwa da ta zo kasuwa ta kwanta a cinyarta, ta yi ta magana da yarensu tana kuka har aka gama kitson. Gwaggo ba ta jin yaren ko kaɗan. Da matar ta tafi na ce, "Gwaggo, me ta ce?" Ta ce, "Ban sani ba. Amma na ji."

Kowa a wajenmu ya san ba a barin gashin tsifa a ƙasa, kada wani ya tsinta ya yi mugun abu da shi. Sauran makitsa cusa shi suke yi a ramin katanga. Gwaggo ita dunƙule shi take yi, ta buɗe tafin hannunki ta sa miki, ta rufe yatsunki a kai, ta ce, "Ga gashinki, ga maganarki. Tafi da abinki." Ina yarinya na ɗauka wasa ne irin nata.

Sai da ta kwanta ciwon ajali na ga nauyin wannan wasa. Zazzaɓi ya kama ta har tana sambatu, ɗakin ya cika da mata, babu wajen sa ƙafa. Na ɗauka duk ƙauna ce. Daga baya Inna, mahaifiyata, ta ce mini rabi ƙauna ce, rabi tsoro, kowace tana jiran kada zafin ciwo ya buɗe bakin Gwaggo a kan nata. Abin da ta yi ta faɗa kuwa sunayen ƴaƴanta ne da suka rasu, sai kuma a shigar mata da akuya inuwa. Wadda ta fi kowa matsawa kusa ita ce matar wani ɗan uwan Baba, wadda zan kira Tanti Ramatu ko da yake ba sunanta ba ne. Ta kafa kunnenta a bakin Gwaggo, ko salla sai an matsa mata take tashi. Da rai ya fita, na ga ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya kafin ta fara kuka. Ita ce ta karɓi kibiyar Gwaggo, ta gaji kitson garin.

Bara ina ajin ƙarshe a lise, wato lakol ta sakandare, a Tanut. A cikin ƴan uwansa Baba kaɗai ya bar ɗiya mace ta kai nan, kuma ya sha gori a kai. Burina in ci bak, jarrabawar gama sakandare, in karanci aikin ungozoma. Da aka ba mu hutu na shigo motar ƴan kasuwa zuwa gida. Bayan la'asar, a wani kwari, wasu mutane a kan babura, fuskokinsu a rufe, suka tare mu. Suka kwantar da maza rubda ciki a rairayi, suka kwashe abin da suka kwashe. Sannan suka kai ni bayan wani tudu, ni da wata mata da ban sani ba. Iyakar abin da zan rubuta ke nan. Da muka dawo mota matar ta gyara mini mayafina, ba mu kalli juna ba har ta sauka.

A gida na ce jaka da telefon suka ɗauke. Baba ya ce alhamdulillahi tunda an tsira da rai. Na san idan sauran ya fito, ba zai sake barina in hau wannan hanya ba, kuma bak saura ƴan watanni. Sai na haɗiye. Na daina cin abinci sosai. Ƙarar babur tana sa ni fitsari a tsaye. Kitsona ya tsufa ya cukurkuɗe, don ba na iya jure hannun kowa a jikina.

Ana saura kwanaki in koma, Tanti Ramatu ta leƙo gidanmu, ta dube ni ta ce, "Ke ƴar lakol, wannan kai ne, ko gonar da aka bar wa ƙarangiya?" Wallahi tun ranar da abin ya faru ban yi dariya ba sai lokacin. Na bi ta gidanta. Ta kori yara, ta kwantar da kaina a cinyarta, ta juya fuskata wajen darni. Na ji sanyin kibiyar Gwaggo a fatar kaina. Can sai ta ce a hankali, "Kanki da nauyi yau, ɗiyata."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

Yanzu da nake juya abin a raina ina ganin alamomin ɗaya bayan ɗaya. Ina fara magana hannunta ya tsaya cak. Ta sunkuyo tana leƙen fuskata.

"Ɗaga murya kaɗan, ɗiyata, ban ji ba."

Na ɗaga.

"Wayyo Allah, wayyo ni. Su nawa ne?"

Na faɗa.

"To sai kuma me? Faɗi duka, ai ni uwa ce. Faɗi ki huta."

Na faɗi duka, har abin da ban taɓa faɗa wa kaina ba. Ɗankwalinta yana ajiye a tabarma dab da bakina, a dunƙule, ban kawo komai a raina ba. Da ta gama kitson sai ta miƙe ta kakkaɓe zanenta, iska ta kwashi gashina ta watsa a tsakar gida. Na tsaya ina jiran ta miƙo mini, ta ce abin da ake cewa. Ta ce, "Gaida Yaya," wato Inna. Ni da kaina na bi ina tsintar gashin a gindin darni.

Telefon ce a cikin ɗankwalin, tana ɗaukar murya. Kafin kasuwa ta zagayo muryata ta riga ni ko'ina. Ana jin ta a bakin rijiya. Ana jin ta a rumfar mai cajin waya. Samari suna kwaikwayon yadda numfashina yake sarƙewa idan na gifta. Wata ƴar ajinmu ta turo wa Inna daga Tanut tana tambaya wai da gaske ni ce. Matan da suka yi mini wasa a goye suka riƙa shigowa gidanmu aron rariya da ba su buƙata, don dai su ga fuskar mai muryar. Babu wanda ya tambayi su wane ne mutanen nan masu babura. Ni ce labarin.

Baba a majalisa ya ji, bayan sallar azahar. Wani ya kunna, ya ce bai san Baba yana bayansa ba. Ya shigo gida bai dake ni ba, bai ɗaga murya ba. Da ma ya dake ni. Ya tsaya a kaina ya ce, "Ke." Tun da aka haife ni ban taɓa jin ya ce mini ke haka ba. "Me ya hana ki faɗa mini, sai da gari ya riga ni ji?" Ina da amsa, amma idonsa yana cikin nawa, sai harshena ya mutu. Ya ce, "Kin gama lakol." Har yau bai sake ce mini Uwata ba.

Inna ta ja hannuna muka je gidan Tanti Ramatu. Muka same ta tana tsince wake.

"Ramatu, me yarinyar nan ta yi miki?"

"Haba Yaya, wallahi ƙanwata kaɗai na tura wa, don ta taya mu addu'a. Ni na san za ta watsa? Kuma ai ba ƙarya na yi mata ba, da bakinta ta faɗa."

"Da kibiyar Aisa kika yi wannan?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Kibiya ai ƙarfe ce, Yaya."

Gaskiyarta. Ƙarfe ce.

An yi bak babu ni. Ƴan ajinmu wasu suna Damagaram yanzu. Ni ina ɗaki, ina fita da sassafe in ɗebo ruwa kafin rijiya ta cika.

Nakan tambayi kaina me Gwaggo za ta ce da ta ga wannan zamani. Ba na jin za ta zagi telefon. Tsegumi ya girmi telefon a garinmu, kuma ita ta zauna cikinsa shekara da shekaru ba ta jiƙe ba. Ina jin abin da zai ƙona mata rai shi ne kalmominta. Ta yi su ne don mace ta samu inda za ta sauke kaya, sai ga shi an haddace su kamar karatu an ɗana tarko da su. A rediyo ana ta cewa mata su daina shiru, su faɗi abin da aka yi musu. Ba na musu, don shirun ya kusa kashe ni, kuma ko a cinyar Ramatu, kafin in san me ke cikin ɗankwali, na ji sauƙin da ban ji ba tun daga bayan tudun nan. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Amma ba a faɗa mana wa za mu faɗa wa ba. Abin da na koya da tsada shi ne, mai jinki da gaske ba ta ɗokin labarinki. Ba ta neman ƙari. Idan kin tsaya a rabi, rabin ya ishe ta. Gwaggo ta ji Buzuwa ba ta fahimci kalma ɗaya ba. Ramatu ta fahimci kowace kalma tawa, har ta sa na maimaita.

Mata suna zuwa kitso wajenta har yanzu, don babu wata makitsiya. Amma an ce shiru ake yi daga tsifa har gamawa, kowace idonta a kan tabarma tana neman inda aka ajiye ɗankwali. Ba ni kaɗai aka yi wa fashi ba.

Tanti, na san za a karanta miki wannan, don garinmu ba ya barin labari ya kwana. Na ga ajiyar zuciyar da kika yi a kan gawar Gwaggo. Kin taɓa kwanciya a cinyarta, kin kalli darni, kin faɗi wani abu da ya hana ki tashi daga bakinta har ta cika. A kwanakin da abin ya fi yi mini zafi na tona duk abin da na tuna na zamanta, ina neman ko sau ɗaya ta yi suɓutar baki a kanki, in samu abin ramawa. Na tambayi Inna. Na tambayi tsofaffin da suka yi mata wanka. Babu. Ta ba ki gashinki, ta ba ki maganarki, ta shiga kabari da bakinta a rufe.

Abin da ya rage na Gwaggo ke nan. Ba ta bar ɗa ba, aduwar ma an sare ta. Amma a gidaje da yawa na garin nan akwai matan da suke zaune da mutuncinsu saboda shirunta, kuma ke ce ta farkonsu. Duk ranar kasuwa da kika fito kanki a sama, ita ce take rufe da ke. Allah ya jiƙanta, ya rufa mata asiri yadda ta rufa naki.

Ni na zo a makare. Gashin da na tsince ranar yana nan a ƙulle a bakin zanena. Maganar ce ban samu na tsince ba.