Baffa Buba da Ƙafar Mota

Duk wanda ya taɓa shiga motar Baffa Buba ya san dokarta ta farko: ba a hira. Kana tsakiyar ba shi labari mai daɗi, ko da na haihuwa ne, sai ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Shiru! Kun ji?" Kowa ya yi tsit. Wallahi ba abin da muke ji. Shi kuwa tuni ya cire hula, ya zura kai ta taga, kunne na kallon tayar gaba, mota tana karkata wajen masu sayar da rake, su kuma suna ta tsere.

Baffa ƙanin mahaifina ne, kuma ko kwana ɗaya bai taɓa yi a gareji ba. Malamin dabbobi ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi wa shanu allura a kasuwar Mubi da rugage. Da ya yi ritaya sai ya sayi wata tsohuwar mota ruwan toka, ya juye duk basirarsa a kanta. Inji bai dame shi ba. Ƙafar mota, wato taya da duk ƙarafan da ke riƙe da ita, ita ce jarabarsa. Kun dai san hanyar Gella da damina, to kowane rami da irin ƙarar da yake fitarwa, kuma kowace ƙara Baffa ya san mai ita. In ya ji ƙwas-ƙwas, ya ce bushin ne, robar nan da ke hana ƙarfe gugar ƙarfe. In gum-gum ne, ya ce shokozoba ta gaji da shanye gargada. Ka kuskura ka ce a kai wa bakanike, sai ya kalle ka kamar ka zage shi.

"Gareji? Ni da hannuna biyu, da kunnena biyu?"

Wata damina sai ga sabuwar ƙara, ƙwal-ƙwal, duk sanda motar ta faɗa rami. Wannan kam ba ta cikin waɗanda ya sani. Ya ɗage motar a gindin mangwaron tsakar gida, ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashi, ya ƙwala wa matarsa kira.

"Dudu! Zo ki danna mini bonet!"

Inna Dudu ta fito da muciya a hannu. "Malam, tuwona yana kan wuta."

"Tuwo bai taɓa jefa kowa a rami ba. Danna! Da ƙarfi! Haba, kamar ba ki ci abinci ba!"

"Ina zan ci, kana nan ka hana ni tuƙawa?"

Ya sassaƙa sababbin bushin daga tsohuwar taya da wuƙar fiɗa, don a ganinsa na kasuwa duk robar takalmi ce. Ƙara tana nan. Ya canja shokozoba. Tana nan. Ya kwance duk abin da ke kwantuwa a gaban motar, ya shafa masa giris, ya mayar. Ƙwal-ƙwal! Mutum har ya rame. A daidai lokacin kuma yana ta faɗa da mutanen gida, wai an sace masa tsohuwar sirinjin ƙarfensa ta allurar shanu, wadda ya ajiye don tarihi.

Ran nan Inna Dudu tana share motar za a je suna, ta zura tsintsiya ƙarƙashin kujerar direba, sai ga sirinji ta gangaro. Ta miƙa masa. Baffa ya karɓa, ya juya ta, ya sa a aljihu. Ya shiga mota ya bi duk ramukan unguwa ɗaya bayan ɗaya. Shiru kake ji. Ya dawo ya fito yana gyara hula.

"Alhamdulillahi," in ji shi. "Gyaran da na yi sai yau ya zauna."

Labarin sifirin kuwa, wannan har maƙwabta ya shafa. Duk mai aikin ƙafar mota ya san kafin a cire shokozoba sai an matse sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke jikinta, da wani maɗauri na musamman, in ba haka ba ya yi tsalle ya illata mutum. Aka gaya wa Baffa. Ya ce shi da ya kayar da bijimai da igiya, wani ɗan murɗaɗɗen ƙarfe ne zai gagare shi? Ya ɗauko igiyar shanu, ya ɗaure sifirin tamau, ya sa sifana ya fara kwance noti yana 'yar waƙarsa.

Ina zaune a kan tabarma na zo gaishe shi. Sai na ji fau! Wani abu ya wuce ta saman kaina, ya tsallake katanga. Can muka ji kaji sun ruɗe a gidan Baba Tumba.

Baba Tumba mutumin Michika ne, manomi, dattijon coci, kuma shi da Baffa sun tsufa katanga ɗaya suna tsokanar juna. Jim kaɗan sai ga shi ya yi sallama, sifirin a hannun dama, zakara a hannun hagu, wuya na reto.

"Malam Buba, motar ka ya kashe zakara na."

Baffa ya miƙe da sauri, fuska duk damuwa. Na ce yau dai zai ba da haƙuri. Sai ya karɓi sifirin, ya ɗaga shi sama, ya kanne ido ɗaya yana dubawa.

"Kai, Allah Ya rufa asiri. Ko lanƙwashewa bai yi ba."

"Zakara fa?"

"Ai shi ya tsaya a hanya, Tumba."

Washegari dai da sassafe an ga Baffa yana jefa wani jan zakara ta saman katangar. Baba Tumba ya ce mutanen gidan nan ba su san ƙofa ba, komai nasu ta sama yake zuwa.

Amma wanda ya kusa kashe ni da raina shi ne na neman aurena. Mahaifina ya riga ya rasu, don haka Baffa ne ya jagoranci manya zuwa Mayo Bani, wurin Alhaji Gidado mahaifin Hadiza, yarinyar da nake nema. Ni ina gida ina jira. Yayana Sali, wanda aka je da shi, shi ya ba ni labari.

Wai suna zaune a zaure sai ga Alhaji ya dawo daga gona a a-kori-kurarsa. Tun kafin a gama gaisuwa Baffa ya ce, "Alhaji, kafin maganar da ta kawo mu, tayarka ta hagu ba ta da lafiya."

Alhaji ya yi murmushi irin na karɓar baƙi. "Za a duba, Malam. Bismillah, ga fura."

"Fura za ta jira."

Ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa Sali, ya buɗe but ɗin motarsa, ya kwaso jak da sifanu. Kafin la'asar gaban motar Alhaji yana kan duwatsu, taya a gefe, notuna a cikin ƙwaryar furar. Magariba ta yi, abu ya ƙi komawa yadda yake. Ga masarar Alhaji a tare a gona tana jiran kwasa, ga hadari yana haɗowa. Sali ya ce Alhaji carbi kawai yake ja da ƙarfi.

Suka dawo. Na tare su a ƙofa. "Baffa, yaya aka yi?"

"Bushin ɗinsa duk sun mutu. Ban san yadda mutumin nan yake raye ba."

"Maganar auren fa?"

Ya tsaya ya dafe kai. "Af!"

Na ce shi ke nan, Hadiza ta tafi. Wa zai ba da 'yarsa ga dangin da suka wargaza masa mota? Da gari ya waye Baffa ya koma, ya sake shigewa ƙarƙashi. Daga can ciki, ƙafafu kawai ake gani, ya ɗaga murya: "Af, Alhaji, dama yaron nan namu ne ya ga 'yar wajenka."

Alhaji ya ce, "Na ba ku! Wallahi na ba ku! Ku dai mayar mini da tayata!"

Haka aka ba ni mata. Masara ta shigo gida kafin ruwa, motar ma ta daina ƙara, amma har Baffa ya bar duniya, in surukina ya ji zai zo, sai ya aika a kai a-kori-kurar gidan ƙaninsa a rufe.

Bara ne Allah Ya karɓi abinSa, bayan 'yar gajeriyar jinya. Muna zaman makoki sai ga wani direban bas da ba wanda ya san shi a cikinmu. Ya yi gaisuwa, ya ce shi ma yana da abin faɗa. Wai wata ranar kasuwar Michika ya cika mota da mata da kayansu, zai fita daga tasha, sai wani tsoho ya zo ya tsaya a gabansa, ya ce ba inda za shi. Ya yi hon, tsoho ya zauna a ƙasa dirshan. Fasinja suka yi ta masifa, 'yan tasha suka taru. Tsoho ya ce a ɗaga tayar dama a girgiza, in lafiyarta lau shi da kansa zai tura motar har bakin titi. Aka ɗaga. Da aka taɓa ta sai ta yi lakwab, saura ƙiris ta rabu da motar.

"Shi ya kwanta a ƙasa ya taya ni gyarawa," in ji direban. "Rigarsa fara ce. Ko sunansa bai gaya mini ba, sai daga baya na tambaya."

Baba Tumba ya jawo hularsa ya rufe fuska. Baffa bai taɓa ba wa kowa wannan labarin ba, shi da in ya ɗaure noti ɗaya sai duk unguwa ta sani.

Allah Ya jiƙan Baffa Buba, Ya yafe masa kurakuransa. Ya sha kwanciya a matsi da ƙura a ƙarƙashin motocin mutane don su isa gida lafiya. Ya Allah Ka yalwata masa makwancinsa, Ka haskaka shi, Ka isar da shi gidan Aljanna lafiya. Amin.