Abin da Kaka Ta Sa Na Dubo

A shekarun da nake aikin kula da fasinjoji a jirgin sama, akwai ranakun da ba a sa ni tashi, sai a ce in zauna jiran ko-ta-kwana. Idan wata ta kasa fitowa, ko yanayi ya dagula tafiya, ni za a kira. Da yake Kazaure ba ta da nisa da filin jirgin Kano, an yarje mini in yi jiran a gida. Kayan aikina na rataye a goge, jaka a bakin ƙofa, waya a cinya.

Wata damina kakata ta zo daga Gwiwa jinyar ƙafa. Mukan wuni a rumfa, tana ɓarar gyaɗa, ni ina kallon duwatsun garin da suka yi kore shar. Wunin yakan yi tsawo har in rasa ko barci nake ko ido biyu. In ji kukan kurciya, in zabura, a zatona fasinja ke kira.

Ran nan bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta kawo ƙanshin ƙasa. Sai ga kira. Jirgin Legas ya sha shawagi kafin ya samu sauka, ma'aikatansa sun cinye lokacin aikinsu, dole su huta.

Ina sa takalmi Kaka ta ce, "Yanzu cikin wancan baƙin za ku shiga?"

"Sai ya lafa, Kaka. Sannan mu hau ta samansa."

"Ashe yana da sama." Ta ajiye gyaɗar. "To ki dubo mini."

Yayana ne ya kai ni, a hankali, ruwa na dukan mota. Ba mu tashi ba sai bayan la'asar. Jirgin ya yi ta rawa cikin duhu, ina zaune ɗaure da bel ina salati. Can sai ya natsu. Na leƙa taga: rana ce fes, kamar ba a taɓa yin ruwa ba, gajimare shimfiɗe a ƙasanmu fari fat, gefensa ja-ja. Ta wata ƴar kafa na hango ruwa yana ƙyalli can ƙasa, na ce a raina dam ɗin garinmu ne, ko da ba shi ba ne.

Washegari da hantsi na dawo, na zauna kusa da ita ko kaya ban cire ba, na fara ba ta labari.

"Muna nan cikin duhu, ku kuna cikin rana?"

"Haka ne, Kaka."

"A saman gonarmu ma?"

"Har can."

Ta gyara kwanciya ta lumshe ido, ta ce in ci gaba. Ina cikin faɗa mata yadda gajimaren ya yi tudu da kwari kamar hanyar Roni, na ji numfashinta ya sauya, barci ya ɗauke ta. Na rage murya, na ƙarasa labarin a hankali, yayyafi na sauka a kan kwano.