Zinariya a Tagar Kawu Sale

Duk wanda ya taɓa hawa tabarmar Kawu Sale a Gyaɗi-Gyaɗi ya san tambayarsa. Kafin ka gyara zama zai ce, "To, meye aibinka?"

Gyaran rediyo ne sana'arsa, amma duk Asabar bayan la'asar wasansa yake baje mana a tsakar gida. Wani ɗalibin likitanci ne ya koya masa, shi kuma ya murɗe abin ya koma Kano ta shekara ɗari gaba: kamfanoni ke mulki, mutane na sa hannun ƙarfe, ana jona ƙwaƙwalwa da waya. Kowa ya ƙirƙiro mutuminsa, Kawu ya ja labari, dayis ɗin ludo ya yanke hukunci. Doka ɗaya ce: duk baiwar da ka ɗauka sai ka haɗa da aibi daidai nauyinta.

Yaya Nafi'u ya nemi hannun da ke fasa bango.

"Na ba ka," in ji Kawu. "Amma da caji yake aiki."

"Haba Kawu, shekara ɗari fa. Ai an samu wuta."

Kawu ya leƙo shi ta saman tabarau. "A nan Tarauni?"

Anti Rakiya, nas ɗin da ke haya a gidanmu, ta so yin wayo. Ta ɗauki idon da ke gani ta bayan katanga, ta ce aibinta tsoron teku.

"Teku a Kano? To madalla."

Asabar ta gaba sai ga ambaliya a labari, daga Darmanawa har Unguwar Gano. Matar da Anti ta ƙirƙiro ta wuni a kan rufin kwano tana salati.

Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, bakin kowa ya buɗe. Muka kaɗa ƙuri'a a cire dokar, uku da ɗaya.

"Zaɓe ya yi kyau," in ji Kawu. "Na soke shi."

Ni tawa Zinariya ce, gwanar kutse cikin na'ura. Na ce ba ta da aibi ko ɗaya.

"Tana da shi. Gaggawa."

"Kawu, da ni kake."

"Da Zinariya nake. Kuma ba ki bari na ƙarasa ba."

Wata da watanni ina lallaɓa yarinyar nan kar ta mutu, don in naka ya mutu Kawu ba ya tashinsa. Rannan gaggawarta ta kai ta benen kamfani ita kaɗai, ƙofa ta rufe, masu gadi suka taso, ta ƙare a rataye jikin taga da hannu ɗaya. In dayis ya ba da biyar ko shida, ta tsira. Na kai hannu ke nan aka kira magariba, Kawu ya dunƙule dayis ya jefa aljihu.

"Kawu, jifa ɗaya ne fa!"

"Ta jira. Ke ma ki jira. Sai Asabar."

Na yi ta masifa har ya gama alwala, yana dariya ruwa na zuba daga gemunsa.

Talata ya kwanta. Juma'a bayan masallaci aka kai shi.

Bayan sadakar bakwai Yaya Nafi'u ya ciro dayis ɗin daga aljihun rigar Kawu, ya ce in jefa, shi zai ƙarasa labarin. Ni da ko shayi ba na jira ya huce, na ce a'a. Ba shi ya rataye ta ba.

Allah Ya jiƙanka Kawu, Ya haskaka makwancinka, Ya sa can ta fi nan. Zinariya tana nan a taga, ban bari kowa ya taɓa ta ba.